Taba a Hannun Mai Raba Jibi

Asabar, 1 ga Fabrairu 2025, Rillieux

Jiya aka yi wa Baban Inès walimar ajiye aiki a masana'antarsu ta Saint-Fons. Shekara talatin da ɗoriya mutum yana shaƙar warin sinadarai, me abokan aikinsa suka ga ya dace su sallame shi da shi? Ba agogo ba, ba bargo ba. Akwatin katako cike da taba. Ƙatti, masu launin ƙasa, kowace kamar gaɓar rake. Wai sunanta sigar, ba sigari ba, in ji shi, sai ka ce canjin suna zai canja mata wari. Amine ne ya kitsa abin, Balaraben Aljeriyan nan da suka yi aiki layi ɗaya.

Na yi yaƙe na ce merci, don kada a ce matar Mika'il ba ta da tarbiyya. A hanya na ce wa Baban Inès gobe a kai ta bola. Ya ce ba a zubar da kyauta. To.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Ya sha.

Mun dawo daga sujada, mun ci tuwo, ina wanke-wanke sai na ji an buɗe ƙofar baranda. Cikin wannan sanyin! Na leƙa. Dattijo mai furfura, da hular sanyi da ƙatuwar rigarsa ta waje, ya ɗora Littafi Mai Tsarki a gwiwa, ya datse kan abar da wani ɗan almakashi, ya rufe ido, leɓensa na motsi. Addu'a yake yi. Addu'ar godiya a kan taba, kamar an ajiye masa kwanon abinci. Sannan ya ƙyasta doguwar ashana, yana gasa bakinta a hankali yana jujjuyawa.

Na ƙwanƙwasa gilashi. Ya ɗago ya yi mini murmushi, har da ɗaga hannu. Girma ya faɗi, raƙumi ya shanye ruwan 'yan tsaki.

Ni Rifkatu, ɗiyar mai bishara, wadda aka yanke wa cibi a harabar majami'a, yau mijina ne ke turnuƙa hayaƙi daga bene duk unguwa na kallo. Ya fi awa guda a wajen.

Talata, 4 ga Fabrairu

Ba warin ne ya fi damuna ba. Ista ce.

Nan Lyon majami'ar Faransawa muke zuwa don ba yadda za mu yi. Ikilisiyarmu ta gaskiya tana Paris, zumuntar Kiristocin Nijar, a zauren da muke haya kusa da Porte de la Chapelle duk Kirsimeti da Ista. Can ne ake waƙa da Hausa, can ne ake yin abu yadda aka koya mana a Maradi. Ni nake dafa zoɓon Jibin Ubangiji, tunda mu ba ma kai giya gaban Allah. Shi kuma Baban Inès shi ke ɗaukar faranti yana bi layi-layi yana raba wa mutane, tun Inès tana goye. Kuma dokarmu a fili take: mai shan taba ba ya taɓa farantin nan, ba ya ma cin abin da ke kai. Horo ake sa shi.

Na gaya masa haka yau da safe. Ya ce, “Nuna mini inda aka rubuta.”

Na ce jikin mai bi haikali ne, ko ɗan makarantar Lahadi ya sani.

Ya ce, “Haikalin nan ya yi shekara talatin a Saint-Fons shina shaƙar abin da ke ɓare fentin mota. Ban taɓa jin wa'azi a kai ba.” Wai kuma ba a haɗiye hayaƙin, a baki yake tsayawa a ji ɗanɗanonsa a fitar. Ka ji hujjar ilimi. Wato Shaiɗan ya tsaya a zaure, bai shiga ɗaka ba.

Na ba shi daga nan zuwa Ista. Bai ce i ba, bai ce a'a ba, ya tambaye ni ina na ajiye man shanu.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Ya sake. Labulena sun fara ɗauka.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

Yau su biyu ne, Amine ya zo. Tsofaffi biyu a baranda, kowa da bakin wuta a hannu, suna gasar wanda tokarsa za ta fi tsawo ba ta faɗi ba. Wannan shi ne abin da maza suke yi da hankalin da Allah ya ba su. Amine yana lumshe ido yana cewa wai yana jin ɗanɗanon kofi da na fata a ciki. Fata! In fata yake so ya ci ga tsohon takalmi nan a bakin ƙofa.

Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Na kai musu shayi dai, na dangwarar, na rufo ƙofa da ƙarfi. Na daɗe ban ji Baban Inès yana dariya har da tari haka ba. Tarin nake magana a kai.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Na je wurin fastonmu na nan. Laifina ne da na sa rai. Yaro ne da wandon jin da gita, wa'azinsa ba ya kai a tafasa ruwa. Na zayyana masa komai da Faransancina na kasuwa. Ya saurara yana gyaɗa kai, sannan ya ce lallai taba ba ta da kyau ga lafiya, amma sauran tsakanin Mika'il ne da Ubangijinsa. Har ya ƙara da cewa kakansa ma fasto ne, kuma da lofe a baki yake shirya wa'azi. Ya faɗa yana dariya, kamar abin alfahari.

Waɗannan su ne jikokin waɗanda suka kawo mana bishara? Ko da yake namu ba Faransawa ba ne, namu sun san haram. Faston ya tambaye ni ko ni ina da wata damuwa da nake so mu yi addu'a a kai. Na ɗauki jakata.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Inès ta kira daga Paris. Na ce tunda ma'aikaciyar jinya ce, ita za ta tsorata shi da zancen huhu. Ina!

“Maman, laisse-le, ƙyale shi. Na riga na gaya mishi ba kyau, ya sani. Amma sau ɗaya a sati? Papa bai taɓa yin wani abu don kanshi ba.”

Na ce ni na taɓa?

Sai cewa ta yi, “Ba ke kika ce Kaka tana goga fure a haƙora har su yi ja ba? Furen mi ne? Ai itacen guda ne.”

Fure ado ne. Iya ba ta taɓa cinna masa wuta ba. Yaran da aka haifa a ƙasar nan, ka biya musu karatu su dawo su auna ka da shi. Na ce mata cajina ya ƙare.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Mun shiga gari sayen takalmi, sai ya ce in jira shi minti kaɗan, ya faɗa wani kanti kusa da Bellecour. Na bi shi, don ba zan tsaya a titi kamar mai bara ba. Ashe tabar har ɗaki gare ta, na gilashi, mai raɓa, ana kula da ita fiye da majinyaci. Mai kantin da 'yar rigarsa mai maɓallai yana magana ƙasa-ƙasa, wai wannan ganyen daga tsibiri kaza, an ajiye shi shekara kaza. Mijina yana shinshinawa yana tambayar irin ƙasar da aka shuka ta, da yadda aka shanya ganyen. Har mai kantin ya ce, Monsieur ya san taba. Ya washe baki.

Ya sayi biyu, da kwalbar wani ruwa da ake ɗiga wa akwatin don kada ganyen ya bushe. Akwatin bai ma ƙare ba. Wato zancen ba a zubar da kyauta ya wuce, yanzu da ƙafarsa yake zuwa.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Na kira Yaya Ilya.

Wa zan kira in ba shi ba? Wana ne uwa ɗaya uba ɗaya, shi ne shugaban dattawan zumunta, kuma a ofishin ƙungiyar duniya da yake aiki a Paris an san shi da iya magana. Ko gaisuwa ban bari mun gama ba. Na ce ya kira mijin ƙanwarsa, namiji da namiji, ya ja masa kunne kafin Ista, ba sai kowa ya ji ba.

Ya ce, “Taba. Hm. Bar mini shi.”

Ban so yadda ya ce hm ɗin ba. Amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Lahadi, 2 ga Maris

Amine ya shiga azumi, ya ce sai bayan salla. Na ce wa mutumina, ka ga, ko Musulmi ya iya bari. Ya ce, “Kin ga ke nan ba bauta ba ce.” Ya fita baranda shi kaɗai.

Juma'a, 7 ga Maris

Yaya ya kira shi da yamma. Ina kicin, ina jin “to” da “na ji” kawai. Da ya ajiye wayar ya zo ya tsaya a bakin ƙofa.

“Dattawa na nemana a Paris, ran ashirin da biyu. Wai ke ma ki zo.”

Na ci gaba da yanka albasa.

“Ke kika gaya mishi?”

Na ce ni ce.

Ya ce, “To.” Shi ke nan. Da ma ya yi faɗa. Ya je ya ɗauko kwalbarsa ya ɗiga wa akwatinsa ruwa, ya kunna labarai.

Ni cewa na yi a ja masa kunne, ban ce a kafa kotu ba. Amma wanda ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba. Zai je, su yi masa magana, ya ce ya bari, a yi addu'a, a sha lemo. Ba wani abu ba ne.

Asabar, 15 ga Maris

Na goge masa farar shaddarsa. In za a je gaban dattawa, a je kamar mutum. Na rataye ta a tsohon ɗakin Inès, inda warin bai kai ba.

Lahadi, 23 ga Maris

Jiya muka je muka dawo. Ban iya rubutu jiya ba.

A falon Yaya aka yi, cikin kujerun fatar nan da ba a barin yara su hau. Dattawa uku. Ɗaya tun da muka zauna yake gyangyaɗi, ɗaya kuma in Yaya ya yi tari sai ya ce haka ne. Matar Yaya ta kawo ruwa ta fita, ta bar ƙofar a buɗe daidai faɗin kunne.

Yaya ya yi addu'ar buɗewa mai tsawo, rabinta da mu yake ba da Allah ba. Sannan ya juyo gare ni.

“Rifkatu, kin gani da idonki?”

Na ce na gani.

“Sau ɗaya?”

Na ce kowace Lahadi. Ƙarya zan yi?

Suka shimfiɗa masa hanya biyu. Ko dai ranar Ista ya tashi gaban jama'a ya ce ya yi zunubi ya tuba, ya kawo akwatin a zubar, a mayar masa da farantinsa. Ko kuma horo na wata shida: bencin baya, ba Jibi, ba karatu, ba faranti. Na saki numfashi, don na ga abin da sauƙi. Kalma nawa ce?

Sai Baban Inès ya ce, “Bari kam ina iya bari, ko yau. Abin da ba ni iyawa, in tsaya gaban Allah in ce na tuba daga abin da nike gode mishi a kai. In na faɗi haka, ran nan ne zan yi zunubin.”

Na taka masa ƙafa. Ko motsi.

Ya ce shekara talatin addu'arsa a guje yake yin ta, da ido ɗaya kan agogo. Yanzu abar nan ba ta yarda da gaggawa, in ka matsa mata ɗaci take yi, sai ka zauna. In ya zauna kuwa sai ya yi ta kawo mutane gaban Ubangiji ɗaya bayan ɗaya har ta mutu don kanta.

Yaya ya yi 'yar dariyar nan tasa ta ofis, ya dubi sauran, ya ce, “Ba abin mamaki ba ne. Barewa ba ta gudu ɗanta shi yi rarrafe. Mun san gidan da ya hito.”

Ko mai gyangyaɗin sai da ya farka.

Baban Inès bai ɗaga murya ba. Ya ce, “Tunda ka kawo zancen tsohona, bari in ƙarasa maka. Ya ƙone layunshi da tukunyar tsafinshi gaban kowa, kai ma kana wurin kana yaro. Ya nemi baftisma. Babanku, Allah shi ba shi hutawa, ya ce sai ya bar noman taba. Tsoho ya ce, to mi yara za su ci? Fadamar nan ta bakin gulbi ita ta kai ni lakkol, na yi boko. Daga ran nan har ya mutu, kowace Lahadi shina bencin baya, faranti na wuce shi. Bai taɓa fashi ba.” Ya ƙara da cewa, “Ran da na buɗe akwatin nan, ƙanshin rumfar da yake rataye ganye na ji. Ku rubuta wata shidan.”

Suka rubuta.

Na san tsohon. Dogo, yana zama dab da ƙofa da hularsa a gwiwa, yana bin waƙa a baya-baya don bai iya karatu ba. Mu yara cewa muke yi ba a yi masa baftisma ba don yana da sauran tsafi a ɓoye. Haka na ɗauka har na auri ɗansa, har na haihu, har jiya. Ba wanda ya taɓa gaya mini, shi ma gogan bai taɓa ba.

Baba ba ya yin abu ba dalili. Zamanin ne haka.

A jirgin ƙasa ya sayo mini shayi. Ban sha ba, ya huce a hannuna har tashar Part-Dieu.

Talata, 25 ga Maris

Taurin kai ne kawai. Tsohonsa yana da yaran da zai ciyar, shi mene ne nasa?

Alhamis, 27 ga Maris

Matar Yaya ta kira, wai ta yi mini sannu da haƙuri. Muryarta har rawa take don daɗi. “Wayyo Rifkatu, muna ta sa ku a addu'a, duk matan zumunta sun ji.” Sun ji a bakin wa? Ɗanta na fari shekara nawa yana zaune da Bafaranshiya ba aure, ban ga an kira kotu a falon fata ba. Laifi tudu ne. Na ce mata na gode, tukunyata na ƙonewa.

Bayanta mutum huɗu suka kira, duk da murya iri ɗaya. Wata har tana tambaya ko da giya yake haɗawa. Mijina ko ruwan inabin biki bai taɓa kai wa baki ba, na gaya mata, na kuma gaya mata abin da ban kamata in rubuta a nan ba.

Lahadi, 6 ga Afrilu

An fara ɗumi, ya bar ƙofar baranda a ɗan buɗe. Ina ninke kaya a falo, ba saurare nake ba, kunne ne ba shi da marfi. A hankali yake yi, ya ja, ya yi shiru, ya ambaci suna. Inès da aikinta na dare. Amine da ciwon sugansa. Mai gyangyaɗin nan, ashe matarsa na kwance. Ya ja. Sai na ji Ilya. Ya daɗe a kan Ilya, har da ɗan nasa da Bafaranshiyar, wai Allah ya daidaita su.

Ni ce ta ƙarshe. Bai roƙa mini komai ba, godiya kawai ya yi.

Addu'a mai wari. Na tashi na rufe ƙofar, hayaƙi na shigo mini kan wanki.

Laraba, 9 ga Afrilu

Na kawo shawara mai hankali. Na ce bana mu yi Ista a nan. Mai wandon jin ko kare ya miƙa hannu zai ba shi gurasa, ba wanda zai tambaye shi komai. Zoɓo kuwa matar Yaya ta dafa, mu ga ko za a iya sha.

Ya ce ya riga ya sayi tikiti.

Na ce don Allah me za ka je yi, a yi ta kallonka?

Ya ce, “Ikilisiyata ce. Cewa suka yi in zauna baya, ba su ce kar in zo ba.”

Mutumin da ba ya iya zaɓar rigar da zai sa sai na zaɓa masa.

Asabar, 19 ga Afrilu, Paris

Muna ɗan ɗakin Inès, wanda in ka miƙe ƙafa sai ka taɓa murhu. Da safe na je Château Rouge na sayo zoɓo wurin 'yar Malin nan, na tsince shi, na wanke, na dafa. Na Jibi ba a sa masa citta ko kanumfari, sukari kaɗan kawai, a tace shi sau biyu har ya yi garau. Haka Iya ta koya mini.

Inès ta tsaya a kaina da kayan aikinta, ta ƙi ko riƙe mini rariya.

“Wato ke za ki dafa, Tonton Ilya ya raba, Papa ya yi kallo. C'est ça, haka ne?”

Na ce ba ni na sa dokar ba.

Ta ce, “A'a. Ke dai kin buga waya.”

Da a Maradi ne da ta ga bayan hannuna. Ubanta ya ce, “Inès, ba a yi wa uwa haka.” Shi ne ma mai kare ni yanzu. Ya karɓi rariyar ya riƙe mini, na zuba. 

Gobe tana aiki, ba za ta zo ba. Gara haka.

Litinin, 21 ga Afrilu, Rillieux

Mun dawo. Gwiwata ta kumbura, matakalan metro ne, jirgin ƙarƙashin ƙasar nan na Paris.

Zauren nan kujerun roba ne da shi, farare, tun da muka fara hayarsa. Babu benci. To ashe Yaya ya sa an jawo wani tsohon benci daga lungun da ake ajiye tsintsiya, an dasa shi can baya inda ake rataye riguna, nesa da layin ƙarshe. Don al'ada ta cika. Mutum ya yi digiri biyu, ya yi aiki da ƙasashen duniya, ya tashi da sassafe ranar tashin Almasihu neman benci.

Baban Inès ya shiga da farar shaddarsa, ya gaisa da kowa hannu da hannu, har da Yaya, ya je ya zauna a kai. Ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Ban san ko ya san ya yi haka ba.

Ni ina kicin ina cika 'yan kofuna. Matan zumunta sun ajiye mini kujerata a gaba, duk mun sha anko, matar Yaya tana ta yafito ni. Da na fito, hanyar ta gaban bencin take bi. Gaba da nisa, ga gwiwa. Na zauna a inda ya fi kusa, shi ke nan, ba wani abu ba ne. Kawuna suka yi ta juyowa kamar an saki akuya a masallaci. Su juyo. Wuyansu ne.

Ra'ayina bai canja ba. Taba ƙazanta ce, kuma labulena sai an kai su wanki.

Yaya da kansa ya ɗauki farantin bana. Bai iya ba, kofunan sai karo suke. Ya bi layi-layi har ya gama, ya tsaya, ya ga dole ya ƙaraso baya tunda ni ba a hore ni ba. Ya zo. Ya miƙo farantin ta gaban ƙirjin mijina kamar babu mutum a wurin, ya tsayar da shi a gabana. Zoɓona ne, ya yi kyau, ja garau. Tun ina 'yar shekara goma sha huɗu ban taɓa barin Jibi ya wuce ni ba.

Na ce, “Wuce, Yaya.”

Ya ce ƙasa-ƙasa, “Rifkatu, mi ke nan?”

Na ce, “Hannunka zai gaji.”

Ya wuce. Aka ce a ci, aka ci. Aka ce a sha, na ji ƙarar kofuna ko'ina, mu biyu hannuwanmu a cinya. Baban Inès ya sunkuyo.

“Don mi? Ke ba ki cikin horo.”

Na ce, “Yi mini shiru, warin taba kake.”

Da gaske warin yake, duk da shaddar ta kwana uku a tsohon ɗakin Inès kafin mu taho. Bencin zai ɗauki mutum biyar. Ban matsa ba.